Faifan CD ya ja baya, amanarsa tana hannun masu gyara

A shagunan gyaran kwamfuta na Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wata al'ada da ta zauna daram har ba wanda yake tambayar dalilinta. Mutum ya kawo kwamfutarsa a sake mata Windows, mai gyara ya zaro filashinsa ya juye mata duk abin da ke ciki: abin buɗe takardu, abin kallon bidiyo, abin sauko da kaya daga intanet, sannan ɗaya ko biyu daga cikin manhajojin nan masu ƙirƙirar mazubin faifai na gizo, irin su Daemon Tools, PowerISO, UltraISO ko Alcohol 120%. Mai kwamfuta bai roƙa ba, bai san aikinsu ba, sau da yawa har kwamfutar ta tsufa a hannunsa bai taɓa buɗe su ba. Haka na gani a Marwa, haka na gani a Ngaundere, kuma 'yan'uwa masu tsallaka gada daga Kuseri zuwa Njamena sun ce can ma ba ta sauya zani ba.

Ni ina ganin wannan al'ada tana cutar da mutane, kuma lokacin barinta ya yi. Mafi yawan masu kwamfuta a yau ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji. 'Yan kaɗan da ke bukata kuwa, akwai na kyauta masu tsabta da za su ishe su, ba sai an ɗora musu fasasshiya ba.

Ga wanda bai saba da abin ba, ga yadda yake. Ana iya kwashe duk abin da ke cikin faifan CD ko DVD, daga farkonsa har ƙarshensa, a mayar da shi fayil guda ɗaya a cikin kwamfuta. Wanda aka fi sani shi ne mai ƙarewa da ISO, sunan da ya samo daga ƙa'idar ISO 9660 ta shekarar 1988 wadda ta tsara yadda ake jera bayanai a kan faifai. Manhajar mazubin gizo kuma aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta ɗauka an zura mata faifai na gaske. Za ka ga sabon harafi ya fito kusa da C da D, ka shiga ka tarar da kayan faifan kamar yana juyawa a ciki, alhali babu abin da ke juyawa.

Amfanin wannan a wajenmu ba ƙarami ba ne, kuma ba na so a fahimce ni kamar ina raina shi. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu sun daina zuwa da mazubin faifai. Ƙananan kwamfutocin PB HEV da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗaliban jami'a daga ƙarshen 2017, cikin shirin nan na guda 500,000, ba su da inda za a zura CD, ga shi ma'ajiyarsu gigabait 32 ce kacal. Ɗalibin Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa da aka ba shi littafi mai ɗauke da faifai a bangonsa, ta ina zai bi? Masu tsofaffin kwamfutoci da ke da mazubi su ma ba su tsira ba. Ƙurar hunturu tana shiga ta rufe idon da ke karanta faifan, ka ji yana ta gurnani yana juyi ba ya kawo komai. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, yana cinye faifan da aka buga a shago, domin rubutunsa a kan wani siririn rini yake, rana da zafi suna kashe shi. Faifan da aka bari a gaban mota wuni ɗaya sai a yi masa addu'a. Ƙari a kan haka, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya aka shiga rabon wuta, juya faifai yana shan batir fiye da karanta fayil daga cikin kwamfuta. Don haka mayar da faifai fayil hikima ce. Inda nake da ja shi ne da wace manhaja, kuma wa ya zaɓa wa wa.

Abu na farko da ya kamata kowane mai gyara ya riƙe: tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, Windows da kanta tana buɗe fayil ɗin ISO. Haka Windows 10 ta 2015, haka Windows 11 ta 2021. Ka danna fayil ɗin sau biyu, ko ka danna dama ka zaɓi Monter idan kwamfutarka da Faransanci take, Mount idan da Turanci, sai mazubin ya bayyana. Ka gama, ka danna dama ka fitar da shi kamar yadda ake fitar da faifai. Ba saukarwa, ba lambar rajista, ba talla. Abin takaicin ma shi ne, da zarar an ɗora wa mutum ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan, sai ta ƙwace fayilolin ISO ta mai da su nata, wannan zaɓi na Windows ya ɓace daga inda aka saba ganinsa, mutum ya zauna yana zaton ba zai iya komai ba sai da ita. Masu Linux da Mac kuwa sun daɗe da samun wannan a cikin tsarinsu.

Wani lokaci ma ba a bukatar mazubin kwata-kwata. Idan fayil ɗaya kake nema a cikin ISO, 7-Zip tana buɗe shi ta zaro maka. Idan bidiyon biki ne na DVD aka mayar ISO, VLC tana kunna shi kai tsaye. Dukansu kyauta ne, kuma da ma suna cikin filashin kowane mai gyara.

Sauran waɗanda ke da bukata ta gaske kashi biyu ne. Akwai masu Windows 7, kuma suna da yawa a makarantunmu da ofisoshinmu da shagunan buga takardu, duk da cewa Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020. Windows 7 tana iya buga ISO a kan faifai amma ba ta iya buɗe shi. Akwai kuma wanda fayil ɗinsa ba ISO ba ne, wani tsari ne dabam kamar BIN da CUE, ko NRG na Nero, ko MDF da MDS na Alcohol, ko CCD na CloneCD. Ga waɗannan duka, abin da nake ba da shawara shi ne WinCDEmu. Kyauta ce, kuma rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, duk mai ilimin abin yana iya dubawa ya ga me take yi. Nauyinta bai kai na hoto biyu na wayar zamani ba, wanda ke sayen data da awo ya san darajar wannan. Tana buɗe duk tsare-tsaren da na lissafa, tana kuma iya kwafe faifan bayanai ta mayar da shi ISO, abin da Windows ba ta yi da kanta. Har da sigar da ba sai an girka ta ba, daga filashi take aiki, ka gama ka zare ka tafi da abinka. Aibinta shi ne an daɗe ba a sabunta ta ba, wannan gaskiya ne, amma aikin nata ma bai canza ba. Wanda bai gamsu da ita ba ya ɗauki Virtual CloneDrive, mai alamar tunkiya, ita ma kyauta ce kuma ba ta da hayaniya. A nan lissafina ya tsaya.

To me ya sa nake tsananta wa manyan? Ba wai ba su iya aiki ba ne. Sun iya, wasunsu ma sun fi ƙananan iya abubuwa da dama. Matsalar ita ce yadda suke isowa hannunmu. PowerISO da UltraISO na kuɗi ne, wanda bai biya ba ba zai iya haɗa fayil da ya wuce megabait 300 ba, alhali CD ɗaya yana cin 700. Cikakkiyar Alcohol 120% ma ta kuɗi ce. Mu kuwa a nan wa ke biya? Abin da ke yawo a filashi shi ne kirak, wato wadda wani da ba wanda ya san shi ya fasa ya sa a intanet. Kuma duk wanda ya taɓa girka irin wannan ya san sharaɗin farko: a kashe manhajar kariya tukuna. Mu tsaya a nan mu yi tunani. Manhajar mazubin gizo ba kamar abin buga wasiƙa ba ce da ke zaune a sama-sama. Don ta iya sa Windows ta yarda akwai na'urar da babu ita, dole ta dasa direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'ura, a can cikin zuciyar tsarin, inda take da ikon da mai kwamfutar kansa ba kullum yake da shi ba. Wato ka sallami mai gadi, ka buɗe wa baƙon da ba ka san asalinsa ba ƙofar ɗakin da kake ajiya, don ya yi maka aikin da ɗan gida ke yi kyauta.

Ko waɗanda ba a fasa ba, sai an buɗe ido. Sigar kyauta ta Daemon Tools tana zuwa da talla da tayin wasu manhajoji a lokacin girkawa, wanda ke danna gaba-gaba ba tare da karantawa ba sai ya kwashi abin da bai nema ba. A 2012 an bankaɗo cewa Daemon Tools Lite tana aika bayanan faifan da mutum ya ɗora zuwa wani shafi mai suna MountSpace. Direban SPTD da tsofaffin Daemon Tools da Alcohol ke dasawa ya yi ƙaurin suna wajen karo da wasu manhajoji har kwamfuta ta tsaya cak, allo ya koma shuɗi. Ita ma ImgBurn, wadda gwana ce wajen kwafe faifai, sigarta ta ƙarshe ta 2013 ta zo da wani abin talla mai suna OpenCandy a cikin abin girkawarta. Duk wannan ba sirri ba ne, an daɗe da saninsa.

Wani zai ce ai kwamfutar mutum tasa ce, ina ruwan jama'a? Ruwan jama'a yana cikin shagon buga takardu na bakin titi. Nan ne ɗalibi ke kai takardar haihuwarsa da katin ɗan ƙasa a ɗauki hotonsu don haɗa takardun jarrabawar shiga aiki. Nan ɗan kasuwa ke buga takardar yarjejeniya, nan ake rubuta takardar filin gado. Duk suna kwance a kwamfuta guda, kuma filashi nawa ke shiga cikinta daga safe zuwa magariba? Bairos ɗin da ya shigo ta fasasshiyar manhaja ba a shagon yake kwana ba. Yana bin filashin malamin makaranta zuwa ɗakin kwamfutar makarantarsu, yana bin na ma'aikacin asibiti zuwa ofis. Mai gyara ɗaya yana iya saita kwamfutocin unguwa guda, saboda haka abin da ke cikin filashinsa ya zama abin da ke cikin gidajen mutane.

Akwai kuma cuta ta biyu wadda ta fi damuna, domin ita ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Kusan kowace babbar manhaja tana da tsarin ajiyarta na kanta: PowerISO tana da DAA, UltraISO tana da ISZ, MagicISO tana da UIF. Ana tallata su da cewa suna matse fayil ya rage girma, har a sa masa kalmar sirri. Amma Windows ba ta buɗe su, kuma ba kowace manhaja ke gane su ba. Wanda aka ajiye wa kayansa a irin wannan tsari an ɗaure shi ke nan, duk ranar da ya rasa manhajar sai ya yi yawon neman mabuɗi.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo ya zo wurin wani abokina mai gyara ina zaune, riƙe da ƙaramar ma'ajiya ta waje a nannaɗe cikin hankici. Karatun tafsirin mahaifinsa ne na watan azumi na shekaru da dama, wanda almajirai suka ɗauka a kaset, daga baya aka mayar faifai. Da faifan suka fara tsallake-tsallake sai ya kai wani shago aka kwafe masa su, ya kyautar da faifan ga masu so, ya riƙe kwafin. Yanzu an sake masa Windows, ga fayilolin nan farare fat, ko ɗaya ba ya buɗewa.

Ya ce, "Ɗana, muryar Malam ce a ciki. Ko nawa ne zan biya."

Abokina ya duba ƙarshen sunayen fayilolin ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba su lalace ba. Wanda ya yi maka aikin ne ya kulle su a tsarin da manhaja ɗaya ke buɗewa."

An samu an buɗe, alhamdu lillahi. Da aka leƙa ciki kuwa, fayilolin MP3 ne zalla. Tun farko ba abin da suke bukata illa a kwafe su a zuba a jaka, su buɗu a kwamfuta, a waya, a rediyon mota. Dattijon ya zauna a kan benci ya sa aka kunna masa ɗaya, ya saurara har aka kai ƙarshen aya kafin ya miƙe. Da wannan ma'ajiya ta faɗa hannun jikokinsa bayan shekara ashirin, wa zai tsaya ya gane musu mene ne a ciki? Share ta za su yi su zuba wani abu.

Shi ya sa nake cewa kafin a zaɓi manhaja a fara duban faifan. Ba duka ne iri ɗaya ba, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Faifan da ke ɗauke da MP3 ko takardu ko hotuna, a kwafe fayilolin kawai. Faifan girka manhaja, ko na direbobin firinta, ko na darussan makaranta da ba ya tashi sai ya ga faifai a ciki, shi ne na ISO. DVD na biki ko na walimar saukar karatu shi ma ISO ya dace da shi. Faifan sauti na asali, irin wanda ke cin minti 74 zuwa 80 ana kunna shi a kowace rediyo, ba ya zama ISO sam, domin ba fayiloli ne a kansa ba. Shi sai dai a tatso shi zuwa WAV ko FLAC ko MP3, kuma Windows Media Player ma tana yin wannan. VCD kuwa, wanda ya cika gidajenmu a shekarun da finafinan Kano da wa'azozi ke shigowa ta Yola da Mubi, yadda aka rubuta shi ya bambanta da na faifan bayanai, kwafinsa na ISO ba ya fita daidai. Ko a yi masa BIN da CUE, ko a shiga jakar MPEGAV a ɗebo fayilolin DAT, VLC tana kunna su. Mai gyaran da ya san wannan rabe-raben ya fi wanda ke da manhaja goma a filashi amfani ga jama'a.

Na san abin da 'yan'uwana masu gyara za su ce, domin sun faɗa mini a fuska. Na ɗaya, mai kaya yana so ya ga allo a cike, idan ka ba shi kwamfuta da alamomi biyar sai ya ce ba ka yi aikin kuɗinsa ba. Wannan gaskiya ne, na ji ana faɗa. Amma mu muka koya wa mutane auna aiki da yawan alamomi, mu ne kuma za mu iya koya musu auna shi da saurin tashin kwamfuta da daɗewarta ba ta dawo shago ba. Minti biyu na bayani ya isa: "Alhaji, wannan aikin Windows ɗinka tana yi da kanta, ga yadda ake yi." Ban taɓa ganin wanda aka nuna wa haka ya yi fushi ba.

Na biyu ya fi ƙarfi. Akwai tsofaffin wasanni da wasu manhajojin karatu da aka sa wa kariyar hana kwafi, irin SafeDisc da SecuROM da StarForce, waɗanda ke bincikar ko faifan na asali ne. Windows da WinCDEmu ba sa iya shawo kan waɗannan, Daemon Tools da Alcohol kuwa da wannan suka yi suna. Na yarda. Wanda ya mallaki faifansa na halal, yana tsoron ya karce, yana da hujjar neman irin wannan manhaja. Sai dai mutum nawa ne cikin masu shigowa shago ke da wannan bukata? Kuma Windows 10 ma ta daina karɓar direban SafeDisc, don haka da yawa daga cikin waɗannan tsofaffin faifai ba za su tashi a sabuwar kwamfuta ba ko da wace manhaja aka bi. Wanda bukatarsa ta tabbata, a sauko masa da ita daga shafin masu ita, a karanta kowane allo kafin a danna, a cire alamar duk wani tayi. Bukatar mutum ɗaya ba ta zama dalilin ɗora wa ɗari ba.

A gefe guda, kada sauƙin kwafi ya sa mu manta da haƙƙi. Ka kwafe faifanka don ka adana shi, wannan daban. Ka kwafe aikin wani kana sayarwa a bakin kasuwa, wannan cin gumin mutane ne, kuma masu shirya finafinai da mawaƙan Hausa sun daɗe suna kuka da shi.

Sauƙin da Windows ta kawo shi ma yana da nasa haɗari, kuma wajibi ne a faɗa wa mutane. Tunda danna ISO sau biyu ya isa ya buɗe shi, ɓarayin intanet sun koma tura bairos a cikinsa, musamman a 2022 bayan Microsoft ta toshe musu hanyar da suka saba bi ta takardun Office. A lokacin, abin da ke cikin ISO ba ya ɗaukar alamar nan da ke sa Windows ta yi gargaɗi cewa daga intanet ya fito, sai a Nuwamban 2022 aka gyara wannan. Kwamfutar da ba ta karɓar sabuntawa, kuma irinsu ne suka fi yawa a nan saboda tsadar data, har yanzu ƙofar a buɗe take. Ba wani banki ko ofishi ko kamfanin aika kaya da zai turo maka rasit ko takardar ɗaukar aiki a cikin ISO. Idan ka ga haka a imel ko a WhatsApp, share shi ba tare da ka buɗe ba.

Kirana ga shugabannin makarantu da masu kula da ɗakunan kwamfuta da limaman da ke riƙe da karatun magabata shi ne su fara aikin kwafe faifansu tun yanzu, tun ana samun mazubi mai rai a gari, domin kullum raguwa suke. Mazubi na waje mai shiga ta USB guda ɗaya ya ishi makaranta. A rubuta wa kowane fayil suna mai ma'ana, da shekara da abin da ke ciki, ba "sabon faifai 3" ba. A ajiye kwafi biyu a wurare biyu, kuma kada a zubar da faifan asali. Wanda zai ɗauki ISO na DVD a filashi ya tuna cewa yawancin filashi suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, DVD cikakke kuwa 4.7 ne. Kwamfuta za ta ce fayil ya yi girma alhali ga fili a filashin, mutum ya ɗauka jabu aka sayar masa. Sai a kwashe kayan da ke ciki tukuna, a sake tsara filashin zuwa exFAT ko NTFS, sannan a zuba.